Yadda Ake Karanta Alamomin Kamfani A Jikin Waya London Used, Da Darasin Da Tsohuwar Libarba Ta Koya Mini

 Yau za mu yi magana a kan ƙananan lambobi, haruffa da tambura da kamfani ke bari a jikin waya da kuma cikinta, waɗanda yawancinmu ko kallonsu ba ma yi idan mun je sayen ta hannu. Darasin yana da ɗan tsawo, don haka ka adana shi, ranar da za ka shiga kasuwa ka sake buɗe shi.

Abin da ya jawo wannan darasi

Bayan girbin shinkafar rani, ɗan kawuna ya taso daga Argungu ya zo Birnin Kebbi da kuɗin shansherar da ya sayar. Bai gaya wa kowa ba, ya shiga wani shago ya sayi waya. Da yamma ya biyo ta wurina yana ta fara'a, ya ce, "Yaya, duba abin da na samo. iPhone 13 Pro ce, kuma an yi mini sauƙi sosai."

Na karɓa na juya ta. Ga kyamara uku a baya, gefe sai ƙyalli yake. Na shiga Settings, na taɓa General, na taɓa About. A gaban Model Name an rubuta iPhone XR. Wato wayar 2018 aka tuɓe wa riga aka sa mata ta 2021. Kyamara ɗaya ce ke aiki, sauran biyun ado ne. Da muka koma, mai shagon ya ce shi ma haka ya saro ta, ga shi babu rasit. Sai da manya suka shiga tsakani aka dawo masa da wani abu daga cikin kuɗin, sauran kuma ya bi ruwa.

Ranar Juma'a na raka shi gida Argungu. Mahaifinsa tsohon ɗan sanda ne da ya daɗe da yin ritaya. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce, "A zamaninmu in aka miƙo maka libarba a ɗakin makamai, ba ka sa hannu a littafi sai ka karanta ta. Ka dubi lambar da ke gindinta, ka dubi ta littafi. In harafi ɗaya ya saɓa ka mayar da ita, don ranar bincike kai za a riƙe. Ku kuna ɗaukar kuɗin gona guda ku ba da, ba ku iya karanta abin da aka ba ku ba?"

Na ce, "Kawu, ai waya daban, bindiga daban."

Ya ce, "Ɗana, duk ƙarfen da ya fito daga kamfani da shaidarsa yake fitowa."

Maganar ta tsaya mini a rai. Da na dawo na zauna na karanta yadda ake buga alamomi a jikin libarba, sai na ga tsari ɗaya ne da na wayar da ke aljihunka. Shi ya sa zan fara da ita, domin wanda ya gane na bindigar, na wayar ba zai ba shi wahala ba.

Alamomin da ke jikin libarba

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai ganga da ke juyawa, wadda ake jera harsashi a cikinta. Tun daga farko in faɗa: Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ta cikin makaman da aka haramta wa mutum ya mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Misali kawai muke ɗauka da ita.

A da, bututun bindiga kan fashe a hannun mai harbi idan ƙarfen bai yi kyau ba. Saboda haka Ingila ta kafa gidajen gwaji. Na Landan ya samo asali daga izinin da aka ba ƙungiyar maƙeran bindiga a 1637, na Birmingham kuma majalisa ta kafa shi a 1813. A can ake harba bindiga da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi. Idan ta jure ba ta tsage ba, sai a buga mata hatimi. A 1914 wasu ƙasashen Turai suka kafa hukuma ɗaya mai suna CIP a birnin Liège na Beljiyam, domin su riƙa amincewa da hatiman juna.

Wanda ya ɗauki tsohuwar libarba zai iya ganin alamomi iri huɗu:

1. Lambar shaida. Ita ce sunan bindigar. A ƙirar Smith & Wesson tana ƙarƙashin mariƙi, wurin da Kawu ya kira gindi.

2. Lambar haɗi. Idan aka buɗe gangar gefe, akwai wata lambar daban da ma'aikata ke bugawa a kan sassan bindiga ɗaya don kada su cakuɗe da na wata a cikin masana'anta. Baƙi da yawa kan ɗauka ita ce lambar shaida. Amfaninta shi ne, idan ta wani sashe ta saɓa da ta ɗan uwansa, an yi canji bayan ta bar kamfani.

3. Hatimin gwaji. Kambi a kan haruffan BNP yana nufin gidan gwajin Birmingham ne ya gwada ta. Amurka ba ta da irin wannan gida na ƙasa, kamfani ne ke gwada kayansa da kansa. Colt, alal misali, kan buga VP a cikin alwatika. Ka ga bambanci: ɗaya shaidar wani ne a kanka, ɗaya kuma shaidarka ce a kan kanka.

4. Alamar tarihi. Tauraro kusa da lambar tsohuwar Smith & Wesson yana nuna an taɓa mayar da ita kamfani aka yi mata aiki. Kan kibiya a jikin Webley, libarbar sojan Birtaniya, yana nufin kayan gwamnati ne. Kibiya biyu suna fuskantar juna kuma suna nufin gwamnati ta sayar da ita.

Wani abu da ya fi ɗaukar hankalina: a dokar Ingila, idan aka rarake bututun ko ya yi rauni bayan gwaji, hatimin ya tashi aiki ko da yana nan raɗau a jikin ƙarfen, kuma sayar da ita a haka laifi ne. Hatimi yana ba da shaidar halin da abu yake ciki ne a ranar da aka buga shi. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Saboda haka duk alamar da ka gani a jikin waya, ka yi mata tambaya uku: wa ya buga ta, me take shaida, kuma a ina zan tabbatar da ita?

Mataki na 1: IMEI, lambar shaidar waya

Ka danna *#06# kamar za ka yi kira. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ko guda biyu idan wayar mai sim biyu ce. Takwas na farko su ake kira TAC, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya GSMA ce ke kula da rabon su, kuma suna nuna kamfani da samfurin wayar. Shida na gaba na wannan wayar ce ita kaɗai. Na ƙarshe kuma ɗan sanda ne mai gadin sauran.

Ga yadda yake gadin. Wani injiniyan IBM mai suna Hans Peter Luhn ne ya fito da lissafin tun a shekarun 1950, kuma shi ne ake amfani da shi a lambar katin ATM. Mu ɗauki lambar da na ƙirƙira don misali: 35123456789012. Ka ninka alƙalami na biyu, na huɗu, na shida, har zuwa na sha huɗu. Su ne 5, 2, 4, 6, 8, 0, 2, sai su koma 10, 4, 8, 12, 16, 0, 4. Duk wanda ya kai goma ka haɗa alƙalumansa biyu: 10 ya zama 1, 12 ya zama 3, 16 ya zama 7. Jimla 27. Waɗanda ba ka taɓa ba su ne 3, 1, 3, 5, 7, 9, 1, jimla 29. Haɗa su, 56. Nawa ya rage a kai 60? Huɗu. To dole alƙalami na 15 ya zama 4. Idan wani abu daban ka gani, lambar ta bogi ce ko an yi kuskure wajen kwafe ta. Masu koyon Python, wannan aikin gida ne mai kyau, layi biyar ya isa.

Sai dai cin wannan jarrabawa bai isa ba, don mai ƙirƙirar lambar ƙarya shi ma ya iya lissafi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwatantawa. Ka duba IMEI a duk inda take:

- Wadda *#06# ta nuna.
- Wadda ke cikin About.
- Wadda ke kan kwali, idan akwai kwali.
- Wadda ke jikin wayar. Daga iPhone 6s zuwa 13 an zana ta a kan tiren sim. A wayoyin Samsung da yawa tana baya can ƙasa, da ƙaramin rubutu. A masu cire batir tana kan takardar da ke ƙarƙashin batirin.

Idan ta tiren sim kaɗai ta saɓa, wataƙila tiren ne ya ɓata aka sa wani, ka tambaya. Idan ta bayan Samsung ta saɓa da ta ciki, an canja murfi ko injin. Daga nan ka sa lambar a ɗaya daga cikin shafukan duba IMEI a intanet. Idan kana riƙe da Galaxy S21 amma shafin ya ce lambar ta wata ƙaramar waya mai madanni ce, ka ajiye ta ka yi gaba.

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp tun shekaru, wai alƙalami na 7 da na 8 suna nuna ƙasar da aka ƙera waya da ingancinta, wai 00 ita ce ta asali, 02 kuma maras kyau. A tsohon tsari waɗannan alƙaluma biyu suna nuna masana'antar da aka haɗa wayar, amma an soke tsarin tsakanin 2003 da 2004, aka haɗe su cikin TAC. Haka nan 35 ko 86 da kake gani a farko suna nuna hukumar da ta ba da lambar ne, 35 ta Birtaniya, 86 ta China. Babu ruwansu da inda aka ƙera wayar, balle ingancinta.

Mataki na 2: Lambar samfuri da haruffanta

A iPhone, cikin About akwai Model Number. Harafin farko shi ne tauraron da muka gani a jikin libarba:

- M: an sayar da ita sabuwa.
- F: Apple ta gyara ta, ta sake sayarwa.
- N: Apple ta ba wani ita a madadin tasa da ta lalace.
- P: an yi mata zanen suna lokacin saye.

F da N ba aibi ba ne, domin aikin kamfani ne. Amma idan mai shago ya rantse maka sabuwa ce fil daga kwali sai ka ga N, ka san irin mutumin da kake ciniki da shi.

Haruffan ƙarshe suna nuna kasuwar da aka yi wayar dominta. LL/A Amurka, B/A Birtaniya, J/A Japan, CH/A China. Za ka yi mamakin yawan "London used" da ba su taɓa ganin Landan ba. Ga inda abin ke shafar aljihunka: tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda aka yi wa Amurka ba su da gidan sim, eSIM kawai suke ɗauka. Idan ka ga iPhone 14 mai LL/A da tiren sim a gefe, wani ne ya huda ta ya dasa, ko kuma an canja mata gangar jiki.

Idan ka taɓa Model Number sau ɗaya, zai juye zuwa wata lamba mai farawa da A. Daga iPhone 8 zuwa sama, an kuma zana wannan lambar a cikin ramin tiren sim, sai ka haska tocila za ka gan ta. A1984 da A2105 na XR ne. A2111 da A2221 na iPhone 11 ne. Ta cikin Settings tana gaya maka injin, ta ramin tana gaya maka rigar. Wannan shi ne lambar haɗin da muka yi magana a kai. Da ɗan kawuna ya yi wannan dubawa ta minti ɗaya, da kuɗinsa na aljihunsa. Asarar ma ba a kyamara ta tsaya ba: XR ba ta da 5G, fuskarta LCD ce, kuma iOS 18 ne ƙarshen abin da za ta samu.

A Samsung lambar tana farawa da SM. Harafin ƙarshe U na kamfanonin layin Amurka ne, U1 ta Amurka maras kulle, W Kanada, N Koriya, F ko B kuma na sauran kasuwannin duniya. DS yana nufin sim biyu. Mai U ita ce za ka fi sa wa ido, don tana iya zuwa a kulle da layin can. A lambar Serial mai farawa da R, harafi na huɗu shekarar ƙira ce: M 2019, N 2020, R 2021, T 2022, W 2023, X 2024. Na biyar kuma wata ne, 1 zuwa 9, sai A, B, C na Oktoba zuwa Disamba. Wannan dabara ba ta aiki a sababbin iPhone, domin tun 2021 Apple ta koma ba da Serial a hargitse.

Masu Tecno, Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion ne, kuma Carlcare ce ke kula da garantinsu. Ka sa IMEI a manhajar Carlcare ko shafinsu ka duba garanti. Wayar da aka ce wata biyu aka yi da ita, amma garantinta ya ƙare tuntuni, ta riga ta ba ka amsa.

Mataki na 3: Tamburan hukumomi

Waɗannan su ne hatimin gwaji na waya. A da ana buga su a baya, yanzu da yawa sun koma ciki. A iPhone ka shiga General sannan Legal & Regulatory. A Android yawanci suna cikin About phone.

CE. Tambarin kasuwar Tarayyar Turai. A mafi yawan lokuta kamfani ne da kansa ke shelar cewa ya bi ƙa'ida, kamar VP ɗin Colt. Idan akwai lamba huɗu a gabansa, kamar 0682 da ke bayan tsofaffin iPhone, to wata hukumar gwaji mai zaman kanta ta sa hannu. Zancen da ake yi cewa akwai wani CE na hukuma mai nufin "China Export" ba shi da tushe. Abin da ke akwai shi ne masu jabu suna buga CE yadda suka ga dama.

FCC ID. Na hukumar sadarwar Amurka ne, kuma shi ya fi amfani a wurinmu domin ana iya bincikarsa. Farkon lambar na kamfani ne: BCG na Apple, A3L na Samsung. Ka rubuta lambar duka a Google, za ka ga takardun gwajin samfurin, sau da yawa har da hotunan cikinsa da wajensa.

NCC. A nan gida, dokar sadarwa ta 2003 ta ce sai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da samfurin waya kafin a sayar da shi, kuma tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su a shafinta. Wannan ya fi amfani idan sunan wayar baƙo ne a kunnenka.

IP67 da IP68. Alƙalami na farko na ƙura ne, na biyu na ruwa. A nan darasin bututun da aka rarake ya dawo. Gam ne da roba ke hana ruwa shiga, kuma ranar da mai gyara ya ɗaga sikirin wannan shaida ta faɗi. Kada ka shiga da London used cikin Matan Fada don ɗaukar bidiyon su, wai don an rubuta IP68 a kwali.

QC Passed. Wannan 'yar sitika mai ruwan zinare ko kore, a nadi ake sayar da ita. Yi mata tambayoyinmu uku. Wa ya manna ta? Ba a sani ba. A ina za a tabbatar? Babu. Haka ma "Grade A" da ledar da aka naɗe kwali da ita.

Ka lura duk waɗannan tambura shaida ce a kan samfurin gaba ɗaya. Gidan gwajin Birmingham kowace bindiga yake harbawa ɗaya bayan ɗaya, amma FCC ba ta taɓa riƙe wayar da ke hannunka ba. Don sanin halin taka, sai mataki na gaba.

Mataki na 4: Alamomin da waya ke rubuta wa kanta

Alamar ruwa. Cire tiren sim ka haska cikin ramin. A iPhone akwai ɗan ɗigo fari ko ruwan azurfa, idan ruwa ya taɓa shi sai ya koma ja. A Samsung fari ne, wani lokaci da ƙananan X a jiki, idan ya jiƙe sai ya rine gaba ɗaya ya koma ja ko ruwan hoda. Ja yana nufin ta sha ruwa. Fari kuma bai wanke ta ba, don ana canja sitikar.

Tarihin gyara. Daga iOS 15.2 na ƙarshen 2021, iPhone tana nuna Parts and Service History a cikin About idan an canja mata wani sashe. XR da XS suna faɗin batir, iPhone 11 ta ƙara da sikirin, daga 12 zuwa sama har da kyamara. Genuine Apple Part na nufin kayan asali ne aka sa ta hanyar da kamfani ya yarda. Unknown Part na nufin wayar ba ta gane abin da aka sa mata ba. Canjin batir ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne.

Lafiyar batir. Ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, ka sa kuɗin sabon batir a lissafi. Waya mai shekara biyar da ke nuna 100 ba tare da tarihin canji ba kuwa, akwai na'urar da ake gyara wannan lamba da ita. Kunna bidiyo na minti goma ka ga yadda cajin ke sauka.

Knox. Samsung ta dasa wani ɗan fis a cikin injin. Idan aka taɓa canja wa wayar babbar manhajarta da wadda ba ta kamfani ba, sai ya ƙone, lambarsa a Download Mode ta tashi daga 0x0 ta koma 0x1, kuma ba ta dawowa. Hanya mai sauƙi ta dubawa ita ce ka gwada buɗe Secure Folder. Idan ya ƙi, akwai magana.

Gwajin sassa. A yawancin Samsung, *#0*# yana buɗe allon gwaji: launuka, taɓawa, lasifika, jijjiga, kyamara. A kowace waya ka gwada kowace kyamara ita kaɗai. Toshe ruwan tabarau ɗaya da yatsa ka canja zuƙowa, za ka gane mai aiki da ta ado.

Mataki na 5: Kibiyar mai ita

Kan kibiya a jikin Webley yana cewa wannan abu yana da mai shi. Waya ma tana da nata. Apple ta kawo Activation Lock a 2013, Google ta kawo nata kullen a Android 5.1 a 2015. Kada ka biya sai an fita daga iCloud ko asusun Google, an goge wayar a gabanka, ka kunna ta da kanka har ta kai ka ciki. A iPhone ka tabbata Carrier Lock ya nuna No SIM restrictions, kuma babu komai a VPN & Device Management, domin wayar wata ma'aikata ko makarantar waje ana iya kulle ta daga can. A Android ka kula da wayoyin biya kaɗan kaɗan. Wanda ya karɓa bashi ya sayar maka, ranar da ya daina biya a hannunka za ta kulle.

Mafi haɗari ita ce wayar sata. Duk lokacin da ka sa sim, kamfanin layi yana ganin IMEI tare da lambarka, kuma tun Disamba 2020 aka fara haɗa layi da NIN. Idan aka bi sawun wayar, ƙofar gidanku za a ƙwanƙwasa, kuma karɓar kayan sata laifi ne a doka. Kamar yadda Kawu ya ce, ranar bincike kai za a riƙe. Saboda haka ka karɓi rasit mai sunan shago, kwanan wata, samfuri da IMEI a rubuce. Idan daga hannun mutum za ka saya, ku yi a gaban shaida, ku rubuta takarda.

A taƙaice, kafin ka tura kuɗi

1. Danna *#06#, ka kwatanta da About, kwali da jikin waya.
2. Karanta Model Name da Model Number, harafin farko da na ƙarshe.
3. Haska ramin sim: lambar A da alamar ruwa.
4. Duba tarihin gyara da lafiyar batir.
5. Gwada kowace kyamara, lasifika, caji, yatsa ko fuska.
6. A goge waya a gabanka, ka sa sim ɗinka ka yi kira.
7. Rasit mai IMEI.

Duk wannan bai wuce minti goma sha biyar ba. Kowace alama ita kaɗai ana iya yin jabunta, amma da wuya mai algus ya daidaita guda bakwai su faɗi magana ɗaya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu shago na kirki suna da yawa a Birnin Kebbi da Argungu, kuma za ka gane su da cewa su ne za su miƙo maka allurar cire sim da kansu. Wanda ya fara cewa "kai dai ka cika bincike" ko "akwai mai jiranta", ka yi masa godiya ka fita.

Ɗan kawuna yana nan yana amfani da XR ɗinsa mai rigar aro, yana jiran girbi mai zuwa. Makon jiya ya turo mini hoton tiren sim na wayar da abokinsa ke son saye, ya ce, "Yaya, ta tire da ta ciki ba su zo ɗaya ba, mu bari ko?" Na ce su tambayi mai ita dalili tukuna, su kuma haska ramin.

A darasi na gaba in sha Allahu za mu duba caja da fawa banki, yadda ake karanta lambobin da ke jikinsu da yadda ake gane mAh na ƙarya. Ka tura wa duk wanda ka san yana shirin sayen waya. Sai mun haɗu, wassalam.